Mitar Kan Tebur

Ina cikin ɗinka wuyan riga sunka shigo lungunmu da Malam Ma'u kwance cikin mota, hannunai na dama naɗe da rawani. Na yar da almakashi na bi su. Manoman Kwargaba da sunka kawo shi sunka ce wutar sola ta ja shi a rijiyar da ke ba albasarsu ruwa, ya faɗo daga kan ƙarfe.

Shagona na jikin zauren gidanai a Wurno. Ma'u manomi na, gyaran kayan wuta sha'awa ta kawai. Tun muna samari in ya ga matacciyar rediyo sai ya buɗe cikinta, kuma ko sisi ba ya amsa. Yana da wata 'yar mita mai batir da wayoyi biyu, ja da baƙa. Ni na ɗinka mata jaka da ragowar koriyar shadda. Bai taɓa kai hannu ga waya ba sai ya auna ta da ita.

Bara amininai Jafaru na Goronyo ya ɗauro wata ƙatuwar mita bayan babur, yac ce wagga ita ta ta manya, su yi musaya. Ma'u har kirana ya yi in zo in gani. Na ce mai, wanda ya ba ka babba ya amshi ƙarami, a dube shi da kyau. Yac ce tela bai san komi ba sai allura.

Sunka yi musaya. Ashe babbar ba ta tashi sai an jona ta ga wuta, mu kuwa sai mu yi sati ba mu ga wuta ba. Ko ta zo, wa ka ɗaukar wanga kaya zuwa fadama? Ta cinye rabin teburi a zaure, har matatai Adawiyya ta rufe ta da zane saboda kaji.

Da famfon rijiyar Kwargaba ya tsaya, manoman sunka zo roƙo, albasa na ƙonewa. Gabana Ma'u ya kira Jafaru, ya ara mai ƙaramar na wuni guda. Jafaru ya rantse ta lalace tuntuni, ya ma yar da ita. Ma'u ya tahi haka nan da sukuddireba, don bai iya ce ma mutane a'a ba.

A asibiti anka ce faɗuwar ta taɓa shi ciki. Ya nace a maido shi gida. Ina zaune gefen katifa ya buɗe ido.

"Mode, Jafaru ya zo?"

"Bai zo ba, Malam."

"Hala bai ji ba."

Ya ji mana. Ni na kira shi da bakina. Ranar Juma'a da hantsi Ma'u ya cika.

Sai ranar sadakar uku Jafaru ya iso, yana share ido da hula. Ya duƙa zai zauna kan tabarma, koriyar jaka ta zamo daga aljihunai, jar waya na leƙe. Ɗinkina na, ko cikin duhu na san shi.

"Jafaru, wagga mi ta?"

"Gyara ta na yi," yac ce, idonai ƙasa.

"Yaushe?"

Ya tura jakar cikin aljihu. Liman ya dafa min gwiwa, yac ce nan wurin makoki na. Na haɗiye, amma wallahi raina ya ɓaci, kuma har yau ban yafe mai ba.

Da la'asar mutane sunka watse. Ina naɗe tabarmi sai yaran unguwa sunka ɗau ihu, an kawo wuta. Wani koren haske ya taso ƙarƙashin zanen da ke kan teburi, ashe a jone Ma'u ya bar ta. Adawiyya ta hito daga cikin gida, ta ɗaga zanen. Sifili na jere a fuskar mitar, wayoyin na reto a bakin teburi. Ta daɗe tsaye tana kallo, sannan ta maida zanen a hankali.