Riguna Huɗu Zuwa Amurka

A shekarar 1971 aka turo ni koyarwa wani ƙauyen masunta da ke bakin kogi, tsakanin Auyo da Haɗeja. Sunana Dauda, mutumin Kagoro. Duk abin da na mallaka a lokacin bai wuce akwatin ƙarfe ɗaya ba, sai garmaho mai batir da fayafayai uku da wani Ba'amurke malamin sakandare ya bar mini da zai koma gida. Duka ukun na wata ƙungiyar mawaƙa ce, samari huɗu, uku da jita ɗaya da ganguna, waɗanda a shekarun nan ba gidan rediyon waje da za ka murɗo ba ka ci karo da su ba. Kiɗansu ba shi da wani ado, dukan gaskiya ne kawai kamar ana sussuka, mai bayar da waƙar kuma muryarsa a shaƙe take, sai ka ce ya kwana yana kiran shanu. Kusan duk waƙoƙinsu a kan kogi ne da ruwan sama da talakan da ya gaji. Ina son su ƙwarai, har yau ma ban daina ba, duk da abin da suka jawo mini.

Ranar Lahadi da la'asar nakan fito da garmahon gindin tsamiyar mashaya, inda masunta ke gyaran koma. Wata rana shugabansu, Baba Fannami, dattijo mai ɗingishi da ƙafar hagu, ya ajiye zarensa ya ce, "Malam Dauda, wannan mai ihun, wa yake yi wa waƙa?"

Na ce, "Ba kowa, Baba. Waƙa ce kawai."

Aka yi mini dariya kamar na ce kifi na shan taba. A wurinsu waƙa ba ta fita daga bakin mutum sai da ubangida. Makaɗi ba mahaukaci ba ne da zai ɓata muryarsa a iska.

To gaskiyar magana, Turancin mutanen nan rabi nake ji. Na dai gane waƙar tana zancen wani tsoho mai kwale-kwale da ya san koginsu kamar yunwar cikinsa, har yakan faɗi zuwan ambaliya tun saura kwana uku. Na fassara musu haka. Sai na ga idon dattijon ya yi haske, ni kuwa baƙo ne mai neman shiga, ga tarwaɗa a kwando tana kallona. Na dubi ƙafarsa na ƙara da cewa, "Sun ce ma tsohon yana ɗan ɗingisawa."

Fannami ya gyara hula, ya ce a sake sa waƙar. Aka sa ta sau biyar. Na koma gida da tarwaɗa biyu ina jin kaina gwani.

Kafin kasuwar Auyo ta zagayo, labari ya kai duk ƙauyukan fadama cewa an yi wa Fannami waƙa a ƙasar Turawa. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi suka san shi. In ma an tambaya, amsar a shirye take: ai suna linzami ne, kuma Turawan noma sun sha zuwa auna ruwa, su suka kai labari.

Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne Ari, makaɗin masunta, wanda ya shekara ashirin yana wasa Fannami. Bai ce ƙarya ba ne. Ya yi abin da ya fi haka ciwo. A wani suna da aka yi, ya saki habaici a bainar jama'a: wai akwai wani babban mutum da aka wasa shi har hayin teku, amma ko goro mawaƙan ba su gani ba. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san nauyin wannan magana. A zagi mutum da talauci ya yi dariya, amma a ce an wasa shi ya noƙe hannu, wannan tabo ne da jikokinsa za su gada.

Washegari Fannami ya iso makaranta, ya ce in kawo kwalin faifan. Ya daɗe yana kallon hoton. Ga su nan su huɗu, gashi buya-buya, gemu ba gyara, wando ya koɗe a gwiwa.

"Ka ga halin da suke ciki," ya ce a hankali. "Ko kuɗin aski ba su da shi, amma suka tuna da ni."

Na so in faɗi gaskiya a lokacin. Wallahi na so. Amma ya riga ya fara auna kafaɗunsu da ɗan yatsa, yana cewa wannan dogon sai an ƙara masa ƙyalle.

Ya yanke cewa manyan riguna huɗu za a yi, da huluna. Na ce a sayi na kasuwa a aika kawai a huta. Ya dube ni kamar na ce ya yi sata. Na kasuwa, ga mutanen da suka kai sunansa inda ko jirgin ƙasa ba ya zuwa? Sai dai saƙi, da aikin hannu, a wurin wani maɗinki a cikin garin Haɗeja wanda aka sani da kyan allura da kuma rashin sauri. Don wannan aiki ya rabu da ɗaya daga cikin jiragen ruwansa biyu, wanda ya fi sabunta. Matarsa 'Yar'azumi ta tare ni a hanyar rijiya ta ce, "Malam, kai da akwatin nan naka, Allah ya isa ban ce ba, amma saura ƙiris." Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na sunkuyar da kai na wuce.

Aikin ya ci fiye da shekara. Sau biyu Fannami yana mayar da riga ɗaya, wai aikin wuyan bai kai na sauran ba, kada a haɗa mawaƙa faɗa. Sai a watan Nuwamba na 1972 muka ɗauki ƙunshin zuwa gidan waya, da adireshin kamfanin da ke bayan kwalin faifan. Fannami ya haɗa da kwandon bandar kifi, amma ma'aikacin ya yi masa bayani cikin ladabi cewa kifi ba ya shiga wannan tafiya. Fannami ya ce to a ba wakilinsu. Haka na zauna mako biyu ina cin bandar mutanen Amurka.

Damina ta riga ta yi gardama a shekarar, ta gaba kuma ta fi ta. Ambaliyar da ake jira ta cika fadama ba ta zo ba. Shinkafa ta ƙone a tsaye, kogi ya koma 'yan kududdufai da ake tsallakawa da ƙafa. Matasa suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya zuwa Kano. Har 'yan amshin Ari uku suka tafi dako, suka bar shi da ganga.

A cikin wannan hali amsa ta zo, a farin ambulan mai tambarin Amurka. Fannami ya sa aka tara mutane a gindin tsamiya, ya sa aka kira Ari musamman ya zauna a gaba. Ya sa rigarsa ta Juma'a. Na buɗe takardar, layi biyar ce da keken rubutu. Kamfanin na godiya da kyauta mai ban sha'awa. Sai dai suna baƙin cikin sanar da mu cewa ƙungiyar ta watse, kowa ya kama gabansa. Za su yi ƙoƙari kayan su kai hannunsu.

Na karanta, na fassara, sannan na ga in ban yi magana yau ba, ba ranar da zan yi. Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Waƙar nan ba kai aka yi wa ba. Zancen ɗingishi ni na ƙara. Na ma karanta a wata mujalla cewa yaran birni ne, ba su tashi a bakin kogi ba."

Ko gezau bai yi ba. Ya nuna Ari da haɓa. "Wannan shekara ashirin yana cewa na kama kada da hannu ɗaya. Ya gani? Aikin makaɗa ke nan. Bar wannan. A wane wata suka watse?"

Na duba takardar. "Oktoba."

"Mu kuma muka aika a wane wata?"

"Nuwamba."

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban mutane ba.

Na ce, "Baba, ba abin da kake tsammani ba ne. Mutanen nan attajirai ne, kowannensu zai iya sayen garin nan da kogin. Saɓani suka samu tsakaninsu."

Na ɗauka Ari zai yi murna, ga dama ta samu. Amma sai ya girgiza kai, ya yi magana ba tare da ya dubi kowa ba. "Malam, kai ka san boko, ni na san kiɗa. Mai ƙoshi ba ya irin wannan ihun. Kuma makaɗa ba sa faɗa sai tukunya ta yi sanyi. Tambaye ni, ina nawa yaran?"

Jama'a suka gyaɗa kai. Ba wanda ya ƙara saurarata.

"Wata ɗaya," in ji Fannami. "Na tsaya gyaran wuyan riga, yara suna can suna jirana har suka gaji." Ni kuma na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Na yi masa ƙarya ya karɓa hannu bibbiyu, yau na kawo gaskiya ta rasa mai saye.

Ya mayar da hularsa ya ce in ɗauko takarda da biro. Na ɗauko. Ya ce in rubuta musu cewa shi Fannami ya yi laifi, ya amsa. Su yi haƙuri su shirya tsakaninsu. In kuma zaman can ya gagara, su taho su huɗun, akwai ɗaki a gidansa, akwai sauran gero a rumbu, abin da ya ci shi za su ci. 'Yar'azumi tana tsaye a bayan mata, ita ta san abin da ya rage a rumbun nan.

Na gama na karanta masa. Ya ce ya yi. Har na fara ninke takardar sai ya dafa hannuna, ya juya ya kalli yashin da ke inda ruwa yake a da.

"Ba ka sa zancen kogin ba ko?"

Na ce ban sa ba.

"Kada ka sa. Sun yi ta faɗa wa duniya ina da kogi. Kada su ji ya ƙafe, su ga kamar sun yi ƙarya."