Naman Kazan Inna Tongbai

A Nong Kae ana cewa tulun da ake jiƙa kifi da gishiri ma bai kai Inna Tongbai rufe baki ba. Kowace damina takan ɓullo da kwando cike da farin naman kaza, irin wanda ba ya tsirowa sai a kan gidan gara, kuma ko 'yar cikinta ba ta san inda take tsinkowa ba. Wasu sun ce aljanun daji ke ba ta.

Ba aljani ko ɗaya. A bayan madatsar ƙauyen take samu, wannan tudun ƙasar da aka tara aka daddaɓe, mai riƙe musu ruwan noman shinkafa, mai juya ɗan injin da ke ba su wuta.

Bana sai ga Baba Sanguan, mai kula da madatsar, yana yawo da sandar ƙarfe yana caccakar ƙasa. Ruwa ya fara tsatsowa a gindin tudun, kuma da laka yake fitowa.

"Gara ce ta yi gida a ciki," ya ce mata da suka haɗu a hanya. "Mako biyu ina nema. In ban samu ba, dole in buɗe ƙofa in zubar da rabin ruwan."

"Kai da ba ka ganin takalminka da safe, gara za ka gani?"

"Yi dariyarki, Yaya. Gonarki ce za ta fara bushewa da rani."

Ta koma gida ta yi miyar naman kaza, ta kai loma biyu, ta ture kwanon. Shekara goma sha ɗaya tana ɓoye wurin nan.

Washegari ta kama hannun rigar Sanguan, ta ja shi har tsakiyar gangaren madatsar.

"Soka nan."

Sandar ta nutse har rabi.

Kafin rana ta take, rabin ƙauyen ya hau madatsar. Maza na haƙa, mata na kawo yumɓu a kwanduna, ana zubawa kaɗan-kaɗan ana kirɓawa da taɓarya. Wani ya ɗauko sarewar gora, dakan ya koma rawa. Aka zaƙulo uwar garar, ƙatuwa kamar babban yatsa, aka gasa, tsofaffi suka yi ta gardamar wanda ya fi cancanta ya ci. Aka buɗe kwandunan shinkafa mai danƙo, kowa na tsokanar Inna tana ramawa.

Da yamma ruwan da ke tsatsowa ya ragu, abin da ke fitowa ya yi garau. Sanguan ya zauna kusa da ita, laka har gwiwa.

"Kin san naman kazan ba zai ƙara tsirowa ba ko?"

"Na sani."

Sai ta ɗaga murya yadda masu dakan za su ji.

"Tun ranar farko na san abin da kake nema, na bar ka kana gasuwa a rana. Ka yi haƙuri, Sanguan. Ku ma duk ku yafe mini."