Cinyar da Ke Jiran Lahadi

Tun ranar Alhamis saniyar nan ba ta kwanta wa Arzika mahauci a rai ba. A kwance aka yanka ta, bakinta na kumfa, hantarta duk tabo. Ya jefar da hantar, ya sayar da naman. Cinya guda Tani ce ta ɗauka, wata dattijuwa Kirista 'yar Zuru da ke unguwar Gidan Igwai, wadda ba ta sayen nama sai a teburinsa.

Washegari, da aka sauko daga masallaci, ya bi ta ƙofar gidanta, wai hanya ce ta biyo da shi. Ba hayaƙin girki, ba rediyo. Can sai ga mutanen gidan sun dawo cikin baƙaƙen kaya, 'yarta ido jajir. Ya duba, bai ga ƙaramin jikanta ba. Gani yake duk mai wucewa shi yake kallo.

Ya yi sallama, ya tsuguna nesa da tabarma, ya ce Allah ya ba da haƙuri, sannan ya tambayi wa aka rasa.

Tani ta dube shi. Ta ce yau ce ranar da suke makokin gicciye Almasihu. A coci suka wuni, ko ƙararrawa ba a kaɗa ba. Marar laifi aka kashe saboda laifin wasu, in ji ta, shi ya sa kowa ke zama ya binciki nasa. Jikan kuwa yana ɗaki yana barci.

"Yau ko romo ba mu taɓawa, ɗan nan. Cinyarka na firji sai Lahadi, ranar bikinmu na Ista. Rabin unguwa za su ci, har kai."

Arzika yana iya tashi ya tafi abinsa. Wataƙila naman lafiyarsa ƙalau, kuma wuta na kashe cuta da yawa.

"Inna, ba ni ita. Gobe in kawo miki wata."

"Mi ya samu wannan?"

Ya sunkuyar da kai. Ta shiga ciki, ta fito da ledar, ta ajiye a gabansa, amma ba ta ɗauke hannunta ba.

"Sauran saniyar fa, wa ka sayar wa?"

Arzika ya ɗauki ledar ya fita, yana tuno fuskokin jiya. Bai nufi gida ba. Ya tare keken da zai kai shi Ƙofar Taramniya, wurin mai tuwon da ta kwashi haƙarƙari.