Aron Latifa

Su huɗu ne suka tare a sabon gidan da ke bayan tashar Filinge: Malam Kailu mai koyarwa a lekol, wato makarantar boko, matarsa Hamida, ɗiyarsu Latifa mai shekara tara, da mahaifiyarsa, Kaka Mairama. Daga wani ƙauye kusa da Tabla suka taso. Shekara shida Malam Kailu yana ginin nan, kuma ya yi alkawari ba zai tare ba sai ya cika shi da komai. Ya cika alkawari. Akwai famfo a tsakar gida, da murhun gas, da turmi biyu, da ƙofar ƙarfe mai sakata.

"A gidan ga ba mu roƙon kowa ko allura," in ji shi ranar tarewa.

Abin da suka rasa shi ne mai sallama. Matan unguwa sun ga doguwar katanga da ƙofa a kulle, suka ɗauka mutanen ba su son baƙi. Kwana goma ba wanda ya leƙo.

A rana ta sha ɗaya Kaka Mairama ta ɗaure kayanta a tsohon zane, ta ce ranar kasuwa za ta bi motar Tabla ta koma ƙauye.

"Inna, mi kika rasa?" Malam Kailu ya tambaya. "Ga katifa, ga fanka."

"Fanka tana gaishe ni da kwana?"

Malam Kailu ya ɗauki jakarsa ya tafi aiki.

Latifa kuwa hankalinta ya tashi. Kaka ce ke yi mata kitso, ita ke ɓoye mata ƙanzo, ita ke tare mata faɗa. Ta zauna kusa da ƙunshin kayan ta ce, "Kaka, don Allah gaya mini abin da ya dame ki."

"Ke, ƙyale ni. A ƙauye kafin rana ta ɗaga mata biyar sun shigo, wagga ɗibar wuta, waccan aron rariya. Kowa da labari a bakinta. Nan ko kaza ba ta ɓata hanya ta shigo."

Latifa ta yi tunani irin nata. In ba mai zuwa aro wajensu, ita za ta je aro. In kuma ba ta mayar ba, dole masu kaya su biyo sawu.

Saura kwana biyu kasuwa ta fara. Ta shiga gidan Hajiya Balkisa da ke dab da nasu, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce mamanta na son aron taɓarya. Ta je gidan Fati mai tuyar cecena, wato ƙosai, ta karɓo matsamin kwashe tuya. A gidan Fiddausi matar tela ta samo rariya da muciya. Duk ta lallaɓa ta tura su ƙarƙashin gadon Kaka. Washegari, da ta ga ba wanda ya zo, ta koma gidan Hajiya ta ƙaro tukunya.

Ranar kasuwa da safe Kaka ta yafa mayafi, ta aza ƙunshinta bakin ƙofa. Latifa ta tsaya tana kallon ƙunshin. Sai aka buga ƙofar ƙarfe da ƙarfi.

Fati ce, hannunta duk ƙullun wake. "Salamu alaikum! Maman Latifa, mai na ƙuna a wuta, ina matsamina?"

"Wane matsami?" in ji Hamida.

Kafin a gama wannan Fiddausi ta shigo neman rariyarta. Bayanta Hajiya Balkisa, tana tafe a hankali da ƙwaryar hatsi a ka. Ta sauke a gaban Hamida, ta rage murya. "Ɗiyata, kada ki ji kunya. Gini yana cinye mutum. Na ce gidan da babu taɓarya, babu tukunya, to abin dakawa ma babu."

Hamida ta dubi hatsin, ta dubi turminta biyu da taɓarensu a jingine, ta dafe kai. Hajiya ma ta bi su da kallo.

"To waɗanga fa? Na ado ne?"

"Latifa!" Hamida ta kira.

Latifa ta shiga ɗaki ta fara fiddo kaya ɗaya bayan ɗaya. Taɓarya ta fito, tukunya ta fito, muciya ta fito duk ƙura. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kaka ce za ta tahi don ba mai zuwa. Na ce in na riƙe, za ku zo."

Sai Fati ta fashe da dariya har ta shafa ƙullu a goshi. "Wagga yarinya ta kama mu da ƙugiya kamar guga a rijiya!"

Kaka Mairama ta riga ta shimfiɗa tabarma. "Ku zauna mana. Ke mai hatsi, ɗiyar wa ce ke?"

Nan aka gano uwar Hajiya Balkisa ƴar wajen Tabla ce, har Kaka ta san rijiyar unguwarsu. Fati ta ruga ta sauke mai ta dawo. Fiddausi ta leƙa madafa ta ga murhun gas, ta ce gobe tana da baƙi, ko za a ara mata.

Can direban motar Tabla ya leƙo ya ce wuri ɗaya ya rage. Kaka ba ta ko waiga ba. "Ka ba wani. Ba ka ga ina da mutane ba?"

Da Malam Kailu ya dawo daga kasuwa ya iske ƙofa a buɗe, turmi ɗaya ya tafi maƙwabta. Ya buɗe baki zai yi magana, ya hango mahaifiyarsa tana kwance ƙunshinta, ya rufe.

Hamida ta sa Latifa ta wanke kayan, ta kai wa kowa nata tare da ba da haƙuri. Tana tafe da taɓarya a kafaɗa ta gane cewa gida ba ya zama gida sai kana da abin nema wajen maƙwabta, su ma suna da abin nema wajenka.