Ranar da Rediyo Ya Yi Shiru

Kilifa na kuka a ƙeyar wani direban tasi, amma bakin mai askin a rufe yake gam, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka buɗe shagon. Direban ya ɗaga ido ya dube shi ta madubi, daidai inda wani dogon tsagi ya raba gilashin biyu.

"Rediyo, lafiya? Ko batir ne ya ƙare?"

"Haƙori," in ji mai askin, ya dafe kunci.

Ƙarya yake yi, haƙoransa garau suke. Sunan Rediyo kuwa ba a banza aka laƙaba masa shi ba. Mutum zai shigo a rage masa suma, ya fita da labarin wanda aka kora daga aiki, da wanda ya sayi mota, da dalilin da ya sa mai kantin magani ya daina gaisawa da tela. Ba mugunta ba ce, magana ce kawai ba ta iya kwana a cikinsa.

Autarsa ce ta ɗaure masa baki yau. Ta gama jami'a, ta nemi zama hafsa a rundunar sojan ruwa, sashen tattara bayanan sirri. Ta ci jarrabawar rubutu, ta wuce gwajin lafiya, ta yi wata uku tana koyon iyo har ta daina haɗiyar ruwa. Abu ɗaya ya rage, binciken hali. Da safe tana miƙa masa shayi ta ce:

"Baba, daga yau za su fara turo mutane su yi tambaya a kanmu. Wanda zai zo ba zai sa kaki ba, ba kuma zai ce shi ne ba. Aikin nan riƙon baki yake so, har gidan da mutum ya fito suna dubawa. Don Allah..."

"Don Allah me?"

Uwar yara ta ƙarasa mata daga kicin: "Don Allah ka kashe rediyon."

Ya ji haushi, amma ya yi alkawari. Yarinyar nan ta sha wahalar neman aikin, kuma ya gwammace harshensa ya bushe da a ce shi ya yi mata asararsa.

Wajen ƙarfe sha ɗaya sai ga mutumin. Farar riga ta sha guga, takalmi na ƙyalli, baƙin tabarau, jaka a hannu. Rediyo ya ƙare masa kallo. Wato haka suke ɓad da kama? Ai ko makaho ya gane wannan! A kan benci akwai wani dattijo mai koɗaɗɗiyar riga da silifa, ya rufe fuska da jarida yana gyangyaɗi, shi ne ma a kan layi. Rediyo ya tsallake shi ya zaunar da baƙon.

"Ka daɗe a nan?" in ji mai tabarau.

"Uhm."

"Iyali fa, yara nawa?"

"Akwai su."

"Da mai aiki a cikinsu?"

"Allah dai Ya rufa asiri."

Gumi ya jiƙa masa riga. Labarai uku masu zafi suka taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye su ɗaya bayan ɗaya kamar mai shan magani. Da baƙon ya gaji da tambaya ya biya ya fita, Rediyo ya leƙa har ya ga ya sha kwana, sannan ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ya ci jarrabawa!

"Taso, yayana, ka yi haƙuri," ya ce da dattijon, yana kaɗe kujera da tawul. "Yau na ga ta kaina. Ka ga wancan da ya fita? To ba ƙaramin mutum ba ne, amma ba zan faɗa maka ko wane ne ba."

"Gemu kawai za ka rage min," in ji dattijon cikin hamma. "Yara ne suka sa ka a gaba?"

Shi ke nan, an taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi.

"Yara? Yarinya ɗaya dai! Autata. Ni ban san inda na samo ta ba, wallahi. In ka tambaye ta ina ta je, ta ce waje. Me aka ce a can? Ba komai. Kuma kada ka ɗauka ba ta gani. Mutum zai shigo nan ya zauna, da ta kalli takalminsa ta san ko ya rasa aiki, sai ta kawo masa ruwa ta yi shiru. Ni sai bayan mako nake ji a gari, ni da ake kira Rediyo! Dubi madubin nan."

Ya nuna tsagin da tsinin almakashi.

"Shekara goma sha ɗaya ke nan. Na je sayen reza na bar ta a shago, tana 'yar shekara sha biyu. Yayyenta sun shigo, tela ya shigo aron tsintsiya, uwarta ta kawo abinci. Na dawo na tarar da wannan ɓarna. Ta ce ba ita ba ce, kuma na yarda, don ba ta ƙarya. Ta ce ta san wanda ya yi, amma ta yi alkawari. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi mata alkawarin keke. Keke fa! Har yau ɗin nan, ko a mafarki ba ta faɗa ba. Wannan 'ya ce ko akwatin ƙarfe?"

Ya ci gaba har ya gama gemun, ya shafa hoda, ya kwance ƙyallen wuya. Dattijon ya miƙe, ya sa hannu a aljihu, ya fito da kuɗin aski tare da wani ɗan kati mai hotonsa sanye da farin kakin sojan ruwa.

Rediyo ya ƙura wa katin ido. Ya zauna a kujerar askin da kansa.

"To... wancan mai tabarau fa?"

"Inshora yake sayarwa. Tun safe yake bin shaguna."

"Ranka ya daɗe," Rediyo ya ce, "bakin nawa ne, ba nata ba. Don girman Allah kada laifina ya shafe ta. Yarinyar nan ta wahala."

Dattijon ya tsaya yana duban tsagin madubin.

"Shekara goma sha ɗaya, ka ce? Kuma kullum gida ɗaya take kwana da kai?"

"Kullum."

Dattijon ya yi dariya har kafaɗunsa na girgiza. "Gida biyar na shiga a kan wasu, kowa ɗansa waliyyi ne, ban ƙaru da komai ba. Kai kaɗai ka kawo ƙara, kuma abin da ka yi ƙara a kai shi muka fito nema. Wanda ya riƙe sirri a gidan Rediyo, ina ne ba zai riƙe ba?" Ya naɗe jaridarsa. "Sai dai abu ɗaya. Ban zo ba, ba ka gan ni ba. Ko ita kada ka faɗa wa."

Wannan ya fi na safe wuya. Labari mafi daɗi da ya taɓa samu a rayuwarsa, kuma an ce ya zauna a kansa! Tela ya leƙo, Rediyo ya ce masa haƙori ne. Mai kantin magani ya kawo masa ƙwaya, ya karɓa ya yi godiya.

Da yamma aka zauna cin abinci. Rediyo na kai loma, kumatunsa a cike, idanunsa na sheƙi, bai ce uffan ba.

"Kunna mana rediyon mana," in ji uwar yara. "Ai an tashi aiki."

Ya girgiza kai.

Auta ta dube shi. Ta dubi murmushin da yake ta kokawa da shi. Ba ta tambayi komai ba. Ta ɗauki tsokar naman da ke gabanta ta sa a farantinsa.

"Na gode, Baba."

"Ni ban ce komai ba!"

"Na sani."

Daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya matso kusa da ita, ya rage murya. "To, albarkacin wannan abin da ban faɗa ba, wa ya fasa min madubi?"

"Ci abincinka kafin ya huce, Baba."

Uwar yara ta miƙe zumbur, ta ce bari ta duba tukunya. Rediyo ya bi ta da kallo har ta shige kicin, inda tun ɗazu aka kashe wuta. Ya buɗe baki, ya dubi Auta, ya mayar ya rufe. Sannan ya ɗauki naman ya ci.