Sunan da Rauda Ta Kasa Rubutawa

Malam Sammani shi ne shugaban manoman rani na layinsu a wajen Bunkure, kuma a wayarsa saƙon imel ke sauka daga ofishin ƙungiya cewa ran kaza za a sako musu ruwa. Shekara huɗu ruwa bai taɓa wuce su ba, ko da yake karatun bokon nasa da yatsa yake bin sa.

Bana ƙungiya ta kawo sabon tsarin imel, ba a kuma rufe tsohon ba. Aka ce za su zauna tare har damina: duk wanda sunansa ya zo ɗaya a rajistar nan da ta can, saƙonsa zai same shi ko ta ina aka aiko. Tun daga nan wayar Malam ta yi tsit. Sau biyu ana sako ruwa ba kowa a gona, dashen tumatir ya fara langaɓewa, mutane suka koma gaishe shi a taƙaice.

Ya hau keke ya nufi ofishin ƙungiya a Kura da faɗa cike da baki. Taufiq, mai kula da na'urorin, ya buɗe rajistun biyu, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya shiga tarin ƙarya. A tsohuwa akwai Sammani Dattijo. A sabuwa kuwa an rubuta Baba. Na'ura ba ta san cewa mutum ɗaya ne ba, sai ta riƙa jibge saƙonnin a akwatin da ba mai buɗewa.

Malam ya ce a kira masa wanda ya yi wannan aika-aika. Sai ga sakatariya Rauda, matar ɗansa na fari. Ta durƙusa tana kallon ƙasa.

"Baba, hannuna ne ya ƙi."

Faɗan nan ya rasa wurin sauka, don shi ne kullum mai ƙorafin 'yan zamani ba su da kunya. Taufiq ya ce gyaran ba wuya, amma sakatariya kaɗai ke da ikon canza suna a rajista.

"To, buɗe ki juya baya," in ji Malam.

Ta buɗe, ta fuskanci bango. Malam ya zauna yana farautar haruffan sunansa da yatsa ɗaya, ya hana kowa nuna masa, har shayin Taufiq ya huce. Da aka gama, wayarsa ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa. Saƙo na ƙarshe ya ce ruwan layinsu yau ne bayan azahar.

Ko sallama bai yi ba ya nemi kekensa.