Sauran Maganin Magdalena

Wakili manomin doya ne a Jiwa. Da aka gama zaman makokin matarsa Magdalena, ya tattara sauran magungunanta a leda, ya nufi kantin maganin Bilqis a Dei-Dei, inda ya saba saya mata tun da ciwon suga ya kama ta.

Bilqis na ganin fuskarsa ta gane. Ta fito daga bayan kanta, ta ba shi kujera, ta yi masa ta'aziyya. Ya zazzage ledar a kan tebur: ƙwayoyi da aka fara sha, da kwalaben allura waɗanda ko buɗe su ba a yi ba. Ya ce Magdalena ce ta bar masa wasiyya a gadon asibiti, ta ce kada maganin ya tafi a banza, a ba wani mara ƙarfi.

Bilqis ta ɗaga kwalba ɗaya ta duba a haske. Ruwan ya riga ya yi gudaji. Ta tambayi inda aka ajiye su. Ya ce a gindin randa suke da, amma tun ranar da aka kai Magdalena asibiti cikin gaggawa suna kan taga, babu wanda ya tuna.

"Baba, zafi ya lalata su," in ji ta a hankali. "Idan na ba wani, cutar da shi zan yi."

Ya tura mata ƙwayoyin. Ta ce su ma an buɗe su, sun kwana a hannu, ba za ta iya ba kowa ba. Sai ta kai shi ɗakin ciki, ta nuna masa akwatin da take kulle magungunan da suka lalace. Ta ce ba a zubar da su a bola ko kwata, saboda yara da awaki da ruwan rijiya. Mota ce ke zuwa ta kwashe, a kai wurin ƙonawa.

Wakili ya daɗe yana kallon akwatin.

"Abu ɗaya ta roƙe ni, 'yata. Guda ɗaya."

Ya mayar da komai cikin ledar, ya ƙulle, ya fita har bakin titi. Bilqis ta bar shi. Can ya tsaya, manyan motoci na wucewa da rodi da katako, sannan ya juyo.

Da hannunsa ya riƙa saka su a akwatin, ɗaya bayan ɗaya, yana goge ƙurar kowace kwalba da gefen rigarsa. Bilqis ta juya baya ta share idanunta.

Da ta ce bari ta tsayar masa da keke, ya ce a'a, da ƙafa zai koma. Ba ya sauri.